Akori-kura a Tsakar Gida

Kurugu, Ƙaraye
Farkon watan Afrilu

Zuwa ga Uwata, Sauda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Abdulmumini da mutanen gidansu da 'yan makarantar da kike koyarwa. Mu nan lafiya lau. Innarki lafiya, Baffanki Sulle lafiya, yana zaure inda kika bar shi. Idona ne kawai ba lafiya ba.

Kada ki yi mamakin yadda rubutun nan ya karkace. Ba laifin aji biyar ɗin da na tsaya ba ne kaɗai, da ido ɗaya da rabi nake yi. Na sayi injin walda. I, ni ɗin nan. Ƙasimu mai walda na Ƙaraye ya ce in haɗa da garkuwar fuska mai baƙin gilashi, na ce masa ina da tabarau na Sallah, baƙi ƙirin, wanda ke da kanki kika ce ya yi mini kyau. Na dawo gida na wuni ina kallon wuta kamar mai kallon ƙwallo. Washegari na farka kamar an zuba mini yashi da barkono an murza. Innarki ce ta ja ni zuwa wurin mai magani, tana tafe tana tsayawa gaisawa da kowa don a gan mu da kyau. Yanzu dai na sayi garkuwar.

Za ki ce me ya kai ni. Innarki ta gaya mini maganar da ba a gaya wa uba kai tsaye: kina da juna biyu, kuma in damina ta kankama za ki zo gida goyon ciki. Na yi kamar ban ji ba, yadda ya kamata, na fita ƙofar gida na tsaya ina kallon tsohuwar akori-kurata a gindin darbejiya. Ban manta abin da ya same ki bara a kan babur, a mashigar rafin garinku ba, kuma ba zan sake tayar da maganar ba. Abu ɗaya zan ce. Bana ba za ki hau babur ba. Na san motocin haya ba sa shiga wajenku in ruwa ya sauka. Ni zan zo in ɗauke ki, a motata.

Kada ki yi dariya. Na san kaji sun daɗe suna ƙwai a cikinta. Amma makaniki ya duba injin ya ce da sauran ransa. Ciwon a ƙashin bayanta yake, abin da suke ce wa shasi, tsatsa ta cinye tsakiyarsa. Ƙasimu ya faɗi abin da zai karɓa in an jawo masa ita har Ƙaraye, sai da na nemi wurin zama. Ina zaune ina kallon yadda yake aiki, na ga ai ɗinki ne, wuta ce kawai a madadin zare. Na ce ya sayar mini da keken ɗinkin.

Iri uku ya nuna mini. Akwai ƙato, naɗin gida, mai nauyin jaki, wanda sai wutar lantarki mai ƙarfi, mu kuwa kin san wuta a Kurugu baƙuwa ce, ba ta kwana. Akwai na iskar gas, na ga tulunsa na tuna ina da iyali. Sai wani ɗan ƙarami kamar rediyo, ana rataya shi a kafaɗa, janaretan da ake haya na biki yana ɗaukarsa. Shi na ɗauka. Ragon Layya ya tafi a kansa, kada ki gaya wa kowa a gidanku.

Ɗanmaliki mai kaji zai kawo miki wannan, tunda yana bi ta Fulatan ranar kasuwa. Waya ba ta yi mini ba. Sai kin hau suri kafin ki ji ni, ni kuwa yanzu ban yarda ki hau komai ba.

Babanki,
Jibo

*

Fulatan, Rogo
Tsakiyar Afrilu

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaida ka, ina gaida Inna da Baffa. Muna lafiya, zafi ne kawai. Malam yana gaishe ka da kyau, ya ce Allah ya ƙara sauƙin ido.

Na karanta wasiƙarka na yi dariya har yara suka leƙo ofis. Da na sake karantawa a gida ban yi dariya ba. Baba, ido ba a sayar da shi a Ƙaraye. Ina roƙonka kada ka kunna injin nan ba garkuwa, ko da na ɗan taɓawa ne. Kuma ka bar sa shuɗiyar rigar nan mai santsi wurin aikin, irinta narkewa take yi.

Maganar da ka ce ba ka ji ba, ni ma ban faɗa ba. Malam ya je Rogo ya yi magana da masu mota tun yanzu. Kowa ya ce in dai rafi ya kawo, ba mai saka motarsa a hanyarmu, sai dai a fito da ni bakin titi a babur. Na ce masa ya bari, Baba zai zo. Cikin kunya irin ta suruki ya ce Allah ya kawo shi lafiya.

Ina so in kai ƙarshen zangon karatu kafin in taso, wato cikin Yuli. Ka ga da sauran lokaci. Ka yi a hankali.

'Yarka,
Sauda

*

Kurugu
Watan Mayu

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ido ya warke. Shuɗiyar riga kuwa wasiƙarki ba ta same ta da rai ba.

Na ce miki walda ɗinki ce. Na janye. Akwai wata sanda siririya da ake maƙalawa a bakin injin, ita ce ke narkewa ta haɗa ƙarfe. Ƙasimu ya ce a ƙyasta ta kamar ashana. Ni tawa in na ƙyasta sai ta manne, in ja, ta ƙi, in murɗa, janareta ya hau kuka kamar ana yanka shi. In na ƙara wuta sai in huda ƙarfen. Ƙasan motar da nake son toshewa, a makon farko ramukansa ƙaruwa suka yi.

Duk wannan a ƙofar gida nake yi, gaban majalisar gindin darbejiya. Mutanen da ko kwano ba su taɓa liƙewa ba, kowa ya zama malami. Wani ya duƙa ya daɗe yana duba aikina, ya ɗago ya ce, "Malam Jibo, kajin da ka kora ne suka dawo suka yi kashi a nan, ko kai ne?" Aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Baffanki kuwa daga bakin zaure ba ya cewa komai sai "Allah ya kyauta", kuma kin san tasa ta fi zagi ciwo.

Uwata, koyon abu da furfura a gaban mutane ba daɗi. Sai dabara ta zo mini. Na ce tunda shasin nan dama ya kusa rabewa, bari in ƙarasa masa. Na yanka shi biyu. Muka sauke injin, muka cire tankin mai da batir kamar yadda Ƙasimu ya ja mini kunne, muka kwance tayoyi. Abin da zai bi ta zaure ya bi ta zaure. Kan motar da bayanta kuwa samarin unguwa suka tsallakar mini ta katangar lungu da igiya. Yanzu tana tsakar gida gunduwa-gunduwa kamar naman Layyar da ba za mu yi ba. Majalisa ta koma hirar taki.

Kuma wallahi tun da na shigo ciki hannuna ya faɗa. Na gane sai an kankare tsatsa ƙarfe ya yi fari kafin a taɓa shi. Na gane da kunne ake yi fiye da ido: in ya yi daidai za ki ji kamar ana suyar ƙosai, in ya ɓaci sai ya yi ta tari. In an gama akwai ɓawon da ake ƙwanƙwasawa da guduma, a ƙarƙashinsa ake ganin gaskiyar mutum. Jiya na ƙwanƙwasa na ga layi sumul kamar kitso. Na kira innarki ta gani. Ta ce ya yi kyau, ta buɗe baki za ta ƙara wata magana, na ce ta kula da tukunyarta. Ita ce ma ke ajiye mini sandunan kusa da murhu, don in sun sha sanyi ba sa kamawa.

Ki gaida Malam. Ki ce masa ya fara share inda zan juya mota.

Babanki,
Jibo mai walda

*

Fulatan
Ƙarshen Mayu

Baba,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, an yi ruwan farko mun yi shuka. Ina sauri ne don Ɗanmaliki yana tsaye a waje.

Na ji daɗi da hannunka ya faɗa. Amma tun da na karanta nake zana gidanmu a kaina. Gabas ɗakunan maƙwabta ne, arewa ma haka. Baya lungu ne da jaki mai kaya ke goga bango. Gaba kuma zaure ne da ɗakin Baffa. Baba, in ka haɗa ta a tsakar gida, ta ina za ta fita?

Wataƙila ka riga ka yi tunanin wannan, ni ce ban gane ba. In ba ka yi ba, don Allah kada ka haɗa shasin sai ka mayar da shi waje.

Sauda

*

Kurugu
Ƙarshen watan Yuni

Uwata,

Bayan gaisuwa. Kowa lafiya. Ni ma likita zai ce lafiyata lau.

Wasiƙarki ta ƙarshen Mayu shekaranjiya ta iso. Ɗanmaliki ya cusa ta ƙarƙashin kejin kaji don kada ruwa ya taɓa ta, ya manta, ta yi ta zaga kasuwanni tare da shi. Ta zo da gashin zakara manne a jiki. Na karanta ta a cikin mota, a tsakar gida, inda nake zama yanzu.

Tambayarki mai kyau ce. Na riga na samo amsarta da kaina.

Na haɗa shasin. Na yi masa faci da ƙarfe mai kauri ciki da waje. Da daɗin aiki ya ɗebe ni, duk inda na ga ƙarfe biyu suna kallon juna sai na ɗaura musu aure. Kusoshin da ke riƙe kan mota da bayanta tsatsa ta cinye su, na ce me za a yi da kusa ga wuta, na manne su da shasi gaba ɗaya. Makaniki ya zo ya mayar da inji. Ranar wata Laraba da hantsi na murɗa makulli, ta yi tari, ta kama. Innarki ta rangaɗa guɗa. Na sa giya, na saki a hankali, ta matsa gaba kamar amarya, sai ga hancinta a bakin ƙofar zaure. Ƙofar da ke kanki sai kin karkata in kin ɗauko tulu.

Muka daɗe muna kallon juna, ni da ƙofar. Na kashe mota. Innarki ta ce, "Abin da na so tambaya ke nan ranar da ka ce in kula da tukunyata."

Na aika aka kira Ƙasimu. Ya shiga ƙarƙashi ya ƙwanƙwasa, ya fito yana kaɗa kai, ya ce, "Baba Jibo, wannan haɗin ko ni iyakata ke nan." Kin ji yabon da na jira wata biyu, ya zo a ranar da ba ni da inda zan ajiye shi. Na ce to mu sake yankawa mu fitar. Ya ce, "Tsohon ƙarfe ne, ya sha wuta sau ɗaya. In ka sake yanka shi ka haɗa, ɗauki buhu, amma kada ka ɗauki mutum. Balle ka manne komai da komai, sai an yi mata fata-fata."

Saura zaure ke nan. Na je na sami Baffanki yana jan carbi. Na ce, "Yaya, zauren nan bai gaji da tsayuwa ba? Bari mu ba shi hutu, in yi maka na bulo, da ƙofar ƙarfe mai furanni, har da sunanka a sama."

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Jibo, ubanmu da ƙafarsa ya kwaɓa ƙasar nan. Ta nan aka fitar da shi, ta nan aka fitar da uwarmu. Kai kuma jiya ka koyi manna ƙarfe. Jira a fitar da ni tukuna, sai ka yi furanninka."

Na koma washegari da wani wasan, na ce ko gwamnati tana rushe gini don hanya. Ya ce in na zama gwamnati in dawo.

Haka muke. Mota ta cinye tsakar gida, sai an bi da gefe ake zuwa rijiya. Innarki tana shanya a kanta, awaki suna fakewa a ƙarƙashinta. Majalisa ta ji labari, yanzu har sallama suke yi su shigo kallo. Da can a waje suke mini dariya, yanzu na kawo musu ita har gida. Ni kuma in hadari ya taso sai in shiga in rufe ƙofa, in riƙe sitiyari, ina kallon bangon zaure ta gilashi. Ba ta yoyo ko kaɗan. Aikina ne.

Kada ki damu, zan san yadda zan yi.

Babanki

*

Fulatan
Farkon Yuli

Baba,

Ina gaida ka da Inna da Baffa. Muna lafiya. Rafi ya kawo, ya janye, ya sake kawowa.

Na ji abin da ya faru. Don Allah kada ka sa wa ranka damuwa, kuma kada ku ɓata da Baffa saboda ni. Malam ya ce zai fito da ni bakin titi a babur, a hankali, ranar da aka kwana biyu ba ruwa. In mun zo rafi zan sauka in taka. Mata da yawa a nan haka suke yi. Motar kuma ai ba ta ɓaci ba, in rani ya yi sai a san dabara.

Ka huta, Baba. Ka yi iyakar ƙoƙarinka.

Sauda

*

Kurugu
Yuli

Sauda,

Na ga saƙonki. Na gane.

"Ka yi iyakar ƙoƙarinka." Haka malaminmu na aji biyar ya rubuta mini a takardar ƙarshe, daga nan ban koma ba. Kin yi gaskiya, wanda ya gina mota a cikin tulu ba a jiransa. Ki gaida Malam, shi da yake da abin hawan da ke fita waje.

Jibo

*

Fulatan
Ƙarshen Yuli

Baba,

Ina gaisuwa. Kasuwa ta ci ta sake ci, Ɗanmaliki yana zuwa hannu wofi. Kuma tun da aka haife ni ba ka taɓa kira na da sunan nan tsirara ba sai a wasiƙarka ta ƙarshe. Don haka yau zan ajiye kunya, ka yafe mini.

Ba cire rai na yi da kai ba. Na rubuta abin da na rubuta ne don in sauke maka nauyi, kuma ƙarya na yi. Tsoron babur nake ji, Baba. Ko ƙararsa na ji a bayan aji sai in dakata da darasi har ya wuce. Bara a rafin nan na rasa ɗana, ina ji ina gani. An yi kwana biyu ba ruwa har sau nawa, Malam ya fito da babur, ni ce nake cewa a bari sai gobe. Ma'aikaciyar asibiti da ta duba ni ta ce kada watan gobe ya same ni nesa da babban asibiti. An yi hutu, kayana a ɗaure suke. Kai nake jira.

Tambaya ɗaya zan yi. Ka ce ka je wurin Baffa da maganar furanni, ka koma da maganar gwamnati. Ka taɓa gaya masa dalilin? Da bakinka, ba da wasa ba? Na san uba ba ya faɗar irin wannan a kan 'yarsa ta fari, balle a gaban yayansa. Amma ni na faɗi tawa.

'Yarka, kuma uwarka in ka yarda,
Sauda

*

Kurugu, daga inda zaure yake a da
Ƙarshen Agusta

Uwata,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya ruwan zafi? Daga nan ina hango hayaƙin tukunyar wankanki, ina kuma jin muryar baƙuwar. Innarki ta ce abin dariya ne mutum ya rubuta wasiƙa zuwa ɗakin da ke cikin gidansa. Na ce ta kai miki kawai. Ɗakin jego ba wurin shigata ba ne, kuma ko na shigo kin san gaisuwa zan yi in kalli rufi in fita. Tun da na ɗauko ki kike tambayar innarki yadda aka yi da Baffa, ita kuwa ba ta wurin. Ga yadda aka yi.

Ranar da wasiƙarki ta zo na karanta ta a cikin mota. Na fito na nufi zaure. Ina tafe wasa uku suka zo mini a baki, masu kyau kuwa, na haɗiye su. Na durƙusa a gabansa, abin da rabona da yi tun ina saurayi. Na ce, "Yaya, yarinyar nan ciki gare ta. Bara ta rasa ɗaya a kan babur. Tana can tana jirana, kuma tsoro nake ji."

Ban taɓa jin magana mai nauyin wannan a bakina ba. Injin mota ya fi ta sauƙin ɗauka.

Ya ajiye carbi. Ya ce, "Na sani tun kafin ka sayar da rago. Kana tsammani wanda ke zaune a zaure akwai abin da ke shiga gida bai ji ba?"

Na ce, "To, Yaya, me ya sa ka bar ni ina ta zagaye?"

Ya ce, "Da wasa ka zo mini. Ba zan rushe ginin ubana a kan wasa ba. Yau ka zo kamar uban yarinya. Ɗauko diga."

Shi ya fara sara, Uwata, da hannunsa. Ya yi bisimilla ya kai wa bangon sara ɗaya, ya miƙa mini, ya juya ya shiga ɗakinsa, bai fito ba sai da aka gama. Majalisar darbejiya kaf suka taso, masu dariyar nan, wannan da shebur wannan da kwando. Muka sauke azara muka jera a gefe, don ya ce ko ɗaya kada ta karye. Kafin la'asar mota ta taka ƙasar zauren kakanki ta fita.

Sauran kin sani, sai abu ɗaya. Da muka shiga rafi a dawowa, kina ta kallona kina cewa Baba ka yi shiru. Ba ruwan nake kallo ba. Kunnena yana ƙarƙashin kujerarki, daidai inda na yi haɗin. Duk dutsen da muka taka sai na ji shi a haƙorina. Bai ce ƙas ba. Ranar da muka kai ki asibitin Ƙaraye ma haka. Da aka fito aka ce mace ce, kuma ku biyun lafiya, na zaga bayan mota na duƙa kamar ina duba taya. Na ɗan daɗe a wurin.

Yanzu ga inda aka tsaya. Baffanki bai ba da zaurensa kyauta ba. Ya ce in mayar masa da shi yadda yake: tubalin ƙasa, azarar da aka sauke, ƙofar nan da sai an karkata. Ba bulo, ba siminti, kuma ko ƙusa ɗaya ta walda kada ya gani. Ƙasar ma da ƙafata zan kwaɓa, ba ɗan kwangila. Kin san ba a yin tubali da damina, sai ruwa ya ɗauke. Kafin nan gida a buɗe yake, ga mai jego a ciki, don haka an kafa zana, ni kuma an kafa ni a gefenta. Ni ne ƙofa. Ina korar awaki, ina amsa sallama, ina gaya wa masu zuwa barka ta inda za su bi.

Mutane sun fara zuwa, wannan a kai masa taki, wancan a liƙe masa garma. Ba dama. Makullin motar yana aljihun Baffanki, ya ce asibiti kaɗai za ta je sai ranar da aka ɗora azara. Ya ma mayar da ita zaurensa. Tun safe yake shiga gaba ya zauna da carbinsa, a nan ake zuwa gaishe shi ta taga. Jiya da aka yi ruwa na ji yana gaya wa wani, wai ba ta yoyo. Bai san ina ji ba.

Na fara tara ƙasa a bayan masallaci. Na gwada taka kaɗan don in ji, gwiwata ta gaya mini shekaruna. Ubanmu yana saurayi ya yi nasa.

Ki shafa mini kan amaryata. Ki ce mata ta yi haƙuri, ta zo ta tarar da mijinta ko ƙofar gida ba shi da ita. In Allah ya kai mu rani, kafin ta fara rarrafe, za ta sami zauren da za ta bi ta fita.

Babanki,
Jibo, wanda ake bi zaure guda